Wanda Ya Ɗauke Adakar Jang

Ranar Lahadi aka ɗauke bindigar Jang, da hantsi, lokacin da duk ƙauyen ke coci ana rera waƙa. Da aka tashi ya dawo gida, ya ɗaga kai ya dubi bango, sai ƙusa kawai yake gani.

Ƙauyen yana bayan Refil, kusa da Jos, tsakanin duwatsu da tsofaffin ramukan kuza, kowane gida da shingensa na ƙerana. A shekarar 1955 babu maharbin da ya kai Jang suna a wannan yanki. Dogo ne sosai, sai ya sunkuya yake shiga ɗakinsa. Bindigarsa adaka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baka a danna da sanda, in an ja kunama ƙanƙara ta ƙyasta mata wuta. Ranar Asabar za a fita farautar gayya ta shekara, kuma shi ne a gaba.

Mutane ba su wahalar da kansu da dogon tunani ba. Wa ke zaune kusa da ƙauyen, ba ya zuwa coci? Ibrahima, Bafillatanin da ke kafa ruga a gonar Jang duk rani, shanunsa su ci kara su bar masa taki. Ga kuma sawun takalminsa ƙuru-ƙuru a ƙofar gidan. Kafin la'asar mai gari ya yanke magana: ko bindiga ta fito kafin Asabar, ko Ibrahima ya kwashe shanunsa ya bar musu ƙasa. Ƙarshen rani ne, shanu sun rame, ga 'yan maruƙa sababbin haihuwa. Kowa ya san in aka tashe shi a wannan lokaci, rabin maruƙan a hanya za su zube.

Hanatu matar Jang ce ba ta yarda ba. Ba ta yi musu da kowa ba, aikawa kawai ta yi Anguwan Rogo a kira mata Baba Ishaku mai bin sawu.

Ishaku tsohon ɗan doka ne da ya aje aiki, ya koma kiwon tantabaru da jin daɗin duniya. Ya iso washegari a kan tsohon kekensa, ya gaisa da kowa har da yaran da ba su gaishe shi ba. Jang yana ta huci yana so a shiga ɗaki, amma Ishaku bai taɓa fara bincike da yunwa ba. Sai da ya shanye kwanon gwaten acca, ya yaba wa Hanatu hannu, ya ɓare goro, sannan ya miƙe.

A ɗakin ya tsaya yana kallon bango. Kusa da ƙusar akwai ƙahon albarushi a rataye, cike. A kan wata 'yar kujera kuma an aje doguwar igiyar fata da laya a jikinta, an naɗe ta tsaf.

Ya juya wajen Jang, ya kira shi da "Da", lakabin girma na mutanen ƙauyen, ya ce, "Da Jang, wannan fa?"

"Layar ubana ne. Shi nake naɗa wa ƙotar bindiga in farauta ya kusa."

"Malamin coci ya san da ita?"

Hanatu ta rufe baki da gefen zane. Jang ya ce, "Bai tambaya ba."

"Kai ka kwance ta?"

"Ni? In an naɗa, ba a kwancewa sai an dawo daga daji. Kuma ba hannun da zai taɓa bindigan sai nawa. Haka muka gada. Ko Ganiyu da ya ƙera shi, sau biyu ya zo makon jiya wai in ba shi ya wanke mini. Na ce ya bari sai bayan farauta."

Ishaku ya ɗauki igiyar da sanda, ya juya ta. Ba a yanke ta da wuƙa ba, ƙulli-ƙulli aka bi aka warware. Ya yi shekaru yana bin ɓarayi, bai taɓa gamuwa da mai ladabi haka ba. Abin ya ba shi sha'awa ƙwarai.

A waje kuwa ba abin gani. Mutanen ƙauye sun tattake ko'ina wajen zuwa jaje, sai sawun Ibrahima kaɗai suka kewaye da duwatsu don kada ya ɓace. Ishaku ya tsuguna ya dube shi. Sawun ya zo ƙofar gida, ya tsaya, ya juya. Bai shiga ba.

Ya tarar da Ibrahima a ruga yana cire wa wata saniya kaska. Matarsa Jummare ta kawo kindirmo a ƙwarya, Ishaku kuwa bai yi fulako ba.

"Malam Ibrahima, an ce ka je gidan Jang jiya."

"Na je, Baba. Man shanu na kai wa Hanatu. Na yi sallama ba kowa, na rataye a shinge na dawo." Ya shafa wuyan saniyar. "Ɗana na fari a gonar nan aka haife shi. Jang ne ya ba ni ragon suna. Jiya ya wuce ni bai amsa gaisuwata ba. Wannan ya fi korar yi mini ciwo."

"Ka taɓa harba bindiga?"

"Sanda ta ishe ni."

"Ba ka ga kowa ba jiya? Ba ka ji komai ba?"

"Ban ga kowa ba. Sai dai wajen tsakar rana shanu sun firgita, suka yo gida a guje daga wajen tsohon ramin kuza. Ƙara na ji, amma ba ta bindiga ba ce. Bindiga tana da tsawo a kunne. Wannan gajeriya ce, kamar an fasa tulu. Na ce ko nakiyar masu haƙa ce."

Ishaku ma haka ya ɗauka, ya bar maganar a nan. Hankalinsa yana kan ƙahon albarushi. Wanda ya ɗauki bindiga ya bar albarushi, ai yana da nasa ke nan. Kuma a duk Jos, wanda ya fi kowa albarushi shi ne Nnadozie, Inyamurin da ke da rumfa a kasuwa, mai sayar da albarushi da ƙanƙara da dalma, wanda aka ce yakan sayi tsofaffin bindigogi ba tare da yawan tambaya ba.

Washegari ya je ya zauna a bencin rumfar. Nnadozie ya saurare shi, ya yi dariya har da buga cinya.

"Oga Ishaku, ni zan sace bindigan Jang? Shi ne babban kwastoma na. In ba shi da bindiga, wa zai sayi albarushi? Ran Lahadi ina coci tun safe, ka tambayi Fada na cocinmu. Ni ke buga ƙararrawa."

"To wa ya sayi albarushi da yawa kwanan nan?"

"Maharba duka, farauta ya zo. Ganiyu ma ya saya, amma shi kullum yana saya."

Ishaku ya ga ya bi hanyar banza, kuma bai ji haushi ba, don Nnadozie ya aika an sayo masa ƙosai. Yana ci yake ba shi labarin nakiyar da ta kori shanun Ibrahima.

Nnadozie ya ce, "Ran Lahadi? Kamfanin kuza ba ya fasa dutse ran Lahadi. Leburori duk suna nan kasuwa suna sayen sabulu."

Ishaku ya aje ƙosan da ke hannunsa. Ba ƙaramin abu ke sa shi yin haka ba.

Da sassafe ya koma bayan ƙauyen, ya jingine keke, ya nemi sawun shanun Ibrahima. Bin sawun garken da ya firgita ba wuya, kofato ya nutse, ƙasa ta watse. Ya bi shi da baya-baya har bakin tsohon ramin kuza, inda ruwa ya taru kore shar. A can gefe akwai wani ɓaure shi kaɗai.

Ya zaga itacen a hankali. A jikinsa, daidai ƙugun mutum, igiya ta ci ɓawo a wuri biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, ƙaro bai ma gama bushewa ba. Tsakaninsu ɓawon ya ƙone baƙi ƙirin, wasu 'yan ƙarafa sun lume a ciki. Daga gindin itacen wani siririn layi ya miƙe a kan ƙura, kamar an ja zare. Ishaku ya bi shi har bayan wani ƙaton dutse. A nan ya ga gurbin gwiwoyi biyu, da inda aka dafa ƙasa da tafin hannu.

Ya tsuguna a gurbin, ya leƙa. Daga nan ba a ganin ɓauren sosai, kuma ko me ya tashi daga can ba zai sami mutum ba. Ya koma ya ciro ƙarafan da wuƙarsa. A cikin ciyawa ya tsinci wani guntun bututu da ya tsage ya buɗe baki. Ya ƙulle su a hankici, ya zauna a inuwa ya ci goro. Ya riga ya san wanda ya yi, kuma bai ji daɗin sanin ba, don yana son mutumin.

Maƙerar Ganiyu tana Kwararafa, bayan wani shagon tela. Bayarabe ne daga Ogbomosho, ya zo Jos tun yana saurayi yana gyaran keke, ya ƙare a ƙera bindiga. Bututun sitiyarin matacciyar mota yake yanka ya yi mata baki, ya buga sifirin daga ƙarfen mota, ya sassaƙa ƙota da maɗaci. Maharba suna da magana guda a kansa: bindigar Ganiyu ba ta fashewa. Da wannan magana ya gina gida ya aurar da 'ya'ya.

Ishaku ya same shi yana goge wata sabuwar ƙota da gilashi, idanunsa sun yi ja.

"Sannu da aiki, Baba Ganiyu."

"Yawwa, Oga Ishaku. Sannu da zuwa." Bai ɗago kai ba.

Ishaku ya karɓi ƙotar ya ɗora a kafaɗa kamar mai wasa. Yatsansa bai ko kusa kai inda kunama za ta zauna ba.

"Wannan ta wane ƙato ce?"

"Wani ne ya ce a yi masa."

"Allah ya ba shi sa'a. Gobe da la'asar mai gari yana son ganin duk wanda ya san bindigar Jang. Ka zo, ka ji? Ka san an ce Ibrahima ya tashi ran Asabar."

Gilashin ya tsaya a hannun Ganiyu. Ya ce, "An ce ya tashi?"

"Da shi da maruƙansa."

Ishaku ya fita ya bar shi da wannan.

Aka taru a ƙofar mai gari ranar Alhamis. Jang na zaune ya haɗe rai, Hanatu a bayansa. Nnadozie ya zo da lemarsa. Ibrahima ya tsaya can gefe ya dogara da sanda, ba wanda ya matsa masa wuri. Ganiyu ne ƙarshen zuwa, da wani dogon abu naɗe cikin buhu, ya aje a bayansa.

Ishaku ya ari bindigar wani maharbi ya riƙe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya gare ni, kowa zai amsa. A ce wannan bindiga ban yarda da ita ba, ina tsoron ta fashe. Yaya zan yi in sani? Malam Ibrahima?"

"Ni dai in ina tsoron abu, nesa da shi nake yi."

Wasu suka yi dariya, suka tuna ba a dariya da ɓarawo, suka haɗiye.

"Nnadozie?"

"In mayar wa mai shi, oga."

"Da Jang?"

Jang ya ce, "Wannan tambayan yara ne. A kai wa Ganiyu. Shi yana ɗaure bindiga a jikin itace, gaba da baya. Ya ɗura albarushi ninki biyu. Ya ɗaura zare a kunama, ya ɓuya bayan dutse, ya ja. In ya tsaya, ya tsaya ke nan. A gabana ya yi wa nawa."

"Ban da shi akwai mai yin haka a nan?"

"Babu. Maharbi ba ya ɓuya wa bindigansa."

Ishaku ya kwance hankicinsa a kan tabarma. Ya faɗi abin da ya gani a jikin ɓauren bakin rami, da layin zare, da gurbin gwiwoyi. Bai ambaci sunan kowa ba. Jang ya ɗauki guntun bututun ya juya shi, ya ga wata 'yar tsaga da shi da kansa ya yi da wuƙa shekarar da ya kashe damisa.

Ganiyu ya miƙe, ya cire hularsa.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Bututu ɗaya na yanka biyu, na yi na Jang, na aje rabin. Kwanan nan na yi wani bindiga da rabin, na ɗaure a itace, ya fashe. Na duba ciki, tsatsa ya ci shi tun asali, ido ba ya gani. Na san na Jang ma haka yake, kwana kawai yake jira. Na zo sau biyu, bai ba ni ba."

Jang ya ce, "Cewa ka yi za ka wanke. Ba ka ce zai fashe ba."

"In na faɗa, kafin dare duk maharban Jos sun ji. Kunya na ji, Jang. Na ce bari in ɗauka kuna coci, in gwada. In ya tsaya, in mayar kafin ku tashi, ba wanda ya sani. Layar ubanka na kwance don kada wani abu ya same shi." Ya dubi guntun bututun. "Bai ma kai ninki biyu ba. Ɗuri ɗaya na yi, irin wanda za ka yi ran Asabar."

Jang ya dubi hannunsa na hagu, wanda yake tallafe bututu da shi in zai harba. Ya buɗe yatsun, ya rufe. Hanatu ta fara kuka a hankali.

Ganiyu ya kwance buhun ya fito da sabuwar adaka, doguwa, ƙotar tana sheƙi. "Tun ran nan nake yin wannan. Na so in gama in aje maka a shinge."

Ishaku ya ce, "Hannun Jang kam ka cece shi, Baba Ganiyu, ba mai musu. Amma don sunanka ya tsira ka bar wani yana ɗauke da sunan ɓarawo. Wannan fa ba a ƙera masa sabo a maƙera."

Sai a lokacin mutane suka waiwaya neman Ibrahima. Ba ya wurin. Tun da Ganiyu ya ce "ni ne" ya saɓa sandarsa ya tafi.

Mai gari ya ce maganar kora ta mutu, a je a gaya masa. Jang ya ce ba wanda za a aika. Ya miƙe, bai taɓa sabuwar bindigar ba, ya dubi Ganiyu ya ce, "Tashi mu je." Ishaku ya bi su a baya yana tura keke, don ba ya son a gama abu ba a gabansa ba.

Sun tarar an fara kwance ruga. Jummare ta jera ƙorenta cikin raga ta ɗaure. Ibrahima ya tuge turakun dangwali, doguwar igiyar da ake ɗaure maruƙa, ya tara su wuri guda. Maruƙan suna ta yawo suna kuka.

Jang ya ce, "Ibrahima, mai gari ya ce ka zauna."

"Na gode wa mai gari. Amma ba mai gari ne ya ƙi amsa gaisuwata ba."

Jang mutum ne da ya iya tarar damisa, bai iya ba da haƙuri ba. Ya tsaya yana kallon turakun. Can sai ya sunkuya ya ɗauki ɗaya, ya miƙa wa Ganiyu, ya ce, "Riƙe." Ganiyu ya durƙusa ya kafa turken a raminsa na da, ya riƙe da hannu biyu. Jang ya ɗauko dutse kamar kan mutum, ya ɗaga sama. Ganiyu ya dubi dutsen, ya dubi yatsunsa, bai janye ba.

Haka suka bi layin, ɗaya na riƙewa ɗaya na bugawa, zufa tana zuba. Ibrahima bai ce su bari ba, bai kuma taya su ba. Ishaku ya sami inuwa ya zauna, ransa fari tas. Da suka kafa na ƙarshe, Jang ya yar da dutsen, ya juyo yana haki.

Ya ce, "Ina wuni, Ibrahima."

Ibrahima ya zo ya girgiza turakun ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a kan na tsakiya, ya ce, "Wannan ya karkace. Ku sake shi."

Suka tuge shi, suka sake kafawa. Ya gwada da ƙafa, ya ji ya zauna daram.

Ya ce, "Lafiya lau, Jang. Ina gajiya?" Sannan ya juya wajen bukka. "Jummare, kwance ƙoren nan. Muna da baƙi."